Baƙo, Karen Da Bai Iya Cizo Ba

Jiya da la'asar ruwan farko ya sauka a Badariya, unguwarmu a nan Birnin Kebbi. Bayan ya ɗauke ina zaune ƙofar gida, sai ɗan maƙwabcina ya fito da karensa a sarƙa, wani ƙato mai gashi buzu-buzu wanda aka ce har takardar asali gare shi. Karen ya bi ta cikin ruwan da ya kwanta a hanya, ya zo daidai gabana ya girgije jikinsa. Yaron ya shiga ba ni haƙuri, ni kuwa ko jinsa ban yi ba. Warin jiƙaƙƙen gashin nan ya ɗauke ni cak ya dire ni fadamar Zauro, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, ƙafata cikin laka, gabana yana faɗuwa saboda wani kare. In ba ka taɓa son dabbar da aka hana ka so ba, ka yi haƙuri da ni, zan ɗan ja ka da nisa.

A lokacin muna cikin jihar Sakkwato, duk wata takarda mai nauyi sai an hau mota an tafi can. Mahaifina ma can yake aiki, shi ya sa na tashi hannun kakannina a cikin tsohon gari. Birnin Kebbi ba ta yi wannan faɗin ba, in ka tsaya bakin gangare kana ganin fadama shimfiɗe har inda ido ya ƙare. Kakana malami ne. Bayan sallar asuba dattawan unguwa kan zo zaurensa ɗaukar karatu, su jera takalmansu a ƙofa. Da damina yana noman shinkafa a Zauro, da rani albasa. Mutum ne mai tsantseni ƙwarai, musamman a kan abin da zai sa a bakinsa. Naman da bai san wanda ya yanka ba bai taɓa ci ba, naman daji kuwa ko kallonsa ba ya yi, domin ya ce yawancinsa kafin wuƙa ta isa rai ya riga ya fita.

Wani hutun makaranta cikin bazara aka tura ni Argungu wurin kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda masunci ne. A bakin gulbi na tsinci kwikwiyon, ko in ce shi ya tsince ni. Na jefa wani guntun kara cikin ruwa don wasa, sai kawai na ga wani abu launin karan shinkafa ya faɗa ruwan ya bi shi, ya dawo ya ajiye mini a ƙafa yana kallona. Na sake jefawa, ya sake kawowa. Har rana ta faɗi muna abu ɗaya. Kawuna ya san uwarsa, wata siririyar karya ce ta Buzayen da suka sauka bayan gari da raƙumansu, sun tashi sun bar ɗan. Uban kuwa babu wanda ya sani. Ranar da zan koma na yi ta kuka har kawu ya gaji, ya sa shi a kwandon kifi ya ɗaure bakin, ya ce in je can mu ƙarata da Malam.

Kakana bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dubi kwandon daga nesa, ya dube ni, ya ce, "Ƙohwa ukku kare ka shiga gidan Musulmi. Hwarauta, tsaron gona, tsaron bisashe. Wanga ta wace yaz zo?"

Na ce ban sani ba.

"Tau, ka gano muna ko wane iri na. In anka yanke shinkahwa ba ka gano ba, shi bi masu keji."

Masu keji su ne mutanen da kan zo da mota ranar kasuwa suna tara karnuka. Ko yaro ya san karen da ya shiga kejin nan ba gadi za shi ba. Kakana ya kuma hana a sa masa suna, ya ce baƙo ne tukuna. Haka muka yi ta ce masa Baƙo har ya zama sunansa, ya kuma amsa.

An ba shi wani kango bayan gida, ba a yarda ya taka tsakar gida ba. Kakata ce ta fi kowa mita. Ita ce mai kirana maigida tun ina rarrafe, kullum kuwa sai ta ce maigidanta ya rasa abin da zai kawo mata daga Argungu sai aikin wanke ƙwarya sau bakwai. Amma na sha kama ta tana jiƙa ƙanzo a wani fasasshen kasko tana turawa ta ƙarƙashin danga. In na yi magana sai ta ce kaji take ba, in bar ta.

Damina ta sauka, Baƙo ya miƙe, abin kuma ya ƙara rikicewa. Daga ƙirji zuwa ƙasa karen Buzaye ne sak, dogayen ƙafafu, ƙirji mai zurfi, ciki a tsuke. Amma kansa faffaɗa ne, bakinsa mai kauri, kunnuwansa sun zubo lallausa kamar ganyen da rana ta taɓa. Wutsiyarsa ba ta naɗewa irin ta karnukan garinmu, a miƙe take, in yana murna ta buge ka sai ka ji zafi. Gashinsa ya fi na kowane kare da na sani kauri, in ya shiga ruwa ya girgije sai ka ga kamar bai shiga ba. Ruwa kuwa kamar a ciki aka haife shi. Duk wanda ya gan shi sai ya faɗi nasa. Wani ya ce jinin dila ne, wani ya ce ai irin na 'yan sanda ne, mai shayin bakin kasuwa ma cewa ya yi tunkiya ce ta shayar da shi.

Na fara da tsaron gona, don ita na ga ta fi sauƙi. Na ɗaure shi a bukkar da ake ajiye albasa, na sa wani abokina ya rufe fuska ya lallaɓo kamar ɓarawo. Baƙo ya tashi yana kaɗa wutsiya, ya lashe masa hannu, har ya ɗauko albasa guda ya miƙa masa. Na gwada shi da awakin kakata, ya mai da su abokan tsere, wata mai ciki ta faɗa rijiyar da ba ruwa, da ƙyar aka ciro ta. Wata safiya kuma ya tsinke igiya ya zagaya ƙofar zaure, ya kwashe takalman dattawan nan ɗaya bayan ɗaya ya tara mini a kango. Suka fito daga karatu babu mai takalmi biyu. Kakana ya ɗaga ido ya dubi sama, kamar mai lissafin sauran kwanakin damina.

Akwai ranar da ya kamata mu gane, amma duk gidan babu wanda ya gane. Wani ɗan tsako ya ɓace ta ƙarƙashin danga, kazar tana ta neman sa. Can sai ga Baƙo ya leƙo da shi a baki, ƙafafun tsakon suna reto. Kakata ta ɗauki muciya ta yi kansa tana cewa, "Maigida, zo ka ga ɓarawonka." Kafin ta isa ya sunkuya ya ajiye tsakon a hankali gaban uwarsa. Tsakon ya tashi jiƙe da yawu, ya karkaɗe, ya ruga, ko gashi ɗaya bai rasa ba. Kakata ta ce tsoron muciya ne ya hana shi haɗiyewa. Ni ma haka na ɗauka, har na roƙe ta kada ta faɗa wa Malam.

Ƙofa ɗaya ta rage. Bayan an yanke gero na kai shi wurin tsohon mafaraucin unguwarmu, wanda karnukansa duk guntayen kunne ne, don mafarauta tun kare yana ƙarami suke yanke masa kunne kada ƙaya ko abin da ya kama ya riƙe shi ta nan. Tsohon ya kama Baƙo ta ƙeya ya ɗaga ya ga ko zai yi kuka, ya buɗe bakinsa ya leƙa ganɗarsa, domin a wurinsu baƙar ganɗa alamar zafin zuciya ce. Ta Baƙo ja ce. Ya matsa tafin ƙafarsa, ya buɗa yatsun, ya daɗe yana kallon wata fata da ta haɗa su kamar ta agwagwa.

"Ƙahwahun Buzu na, wanga ba gardama," in ji shi. "Amma kan ga ban san mai shi ba. Mu kai shi daji shi hwaɗa muna da bakinai."

Washegari da hantsi muka fita da tsohon da yaransa da karnukansu. Ba a jima ba zomo ya tashi daga cikin karan gero. Abin da na gani ranar har yau ina ganinsa. Baƙo ya miƙe kamar an harba shi, ya wuce duk guntayen kunnen nan, kafin su kai rabi ya danne zomon. Zuciyata ta cika, na ce shi ke nan, ƙofa ta buɗe. Sai ga shi ya juyo yana tafe a hankali da zomon a baki, ya iso gabana ya ajiye. Ni ban shirya ba, hannuna ma a aljihu yake. Zomon ya yi ƙif-ƙif da ido, ya tashi ya shige rami.

Dariyar da aka yi har da masu faɗuwa ƙasa. A wurinsu karen farauta shi ne wanda in ya kama zai girgiza ya karya wuya, sai an buge shi ma kafin ya saki. Tsohon ya share hawayen dariya ya ce, "Kare mai kunya na. Shi kama, shi kasa kashewa." Ya ce a kawo aska a sauke kunnuwan, a ba shi magani, wataƙila zuciya ta zo. Da na ga askar na fizge igiya na ruga da shi, ban tsaya ba sai kango.

Zan faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Kwanakin da suka biyo baya ni da kaina na yi ƙoƙarin mai da shi mugu. Na hana shi abinci yini guda, na zuba masa barkono a tuwo don na ji an ce yana sa kare zafi, na ɗaura tsumma a sanda ina tsokanarsa ina dukansa da shi ko ya fusata ya yaga. Idonsa yana ruwa saboda barkonon, ya kama tsumman, ya zare shi daga sandar, ya ajiye mini a ƙafa yana jiran in sake jefawa. Na zauna cikin kangon na yi kuka har na gode wa Allah. Har yau ina jin kunyar wannan abin.

Ruwa ya fara ja da baya, shinkafa ta sunkuyar da kai, sanyi ya fara shigowa da safe. Gida duk ya koma Zauro. A lokacin shinkafar fadama cikin ruwa ake yankanta, wani wuri iya gwiwa, wani wuri sai da kwalekwale, ga ƙamshin ɗanyen kara da laka da hayaƙin wutar da mata ke dafa abinci a kan tudu. Kawuna ya zo daga Argungu taya mu aiki, ya zo da bindigarsa ta toka saboda kirinjijiya, agwagin dajin nan masu kuka kamar fito, waɗanda ke sauka garke-garke su yi wa shinkafa ɓarna. Ranar yanka ta ƙarshe ta kama jajibirin kasuwa. Na san abin da hakan ke nufi, kakana ma ya sani, bai kuwa taɓa janye maganarsa ba. Na roƙa a bar ni in zo da Baƙo don mu yi yinin ƙarshe tare, aka yarda bisa sharaɗin kada in saki igiya.

Kakana yana zaune kan tabarma a tudu da carbinsa. Da hantsi garken ya taso ta saman tafki, kawu ya ɗaga bindiga ya saki. Karnukan da na sani in sun ji wannan ƙara sai ka neme su ka rasa. Baƙo ko motsi bai yi ba, kansa yana sama yana bin tsuntsun da ke faɗowa har ya faɗa can tsakiyar ciyawar ruwa, inda kwalekwale ba ya ratsawa sai da wahala. Kawu ya yi tsaki ya ce wannan ta tafi, kafin a kai gare ta ko ta nutse ko ta zama mushe. Baƙo kuwa jikinsa sai rawa yake, yana dubana yana duban tafkin, yana wani ɗan kuka a maƙogwaro. Na duba kakana na ga idonsa a kaina. Na tuna gobe kasuwa, na ce a raina me ya rage a yi mini, na buɗe hannuna.

Ya faɗa ruwan, kansa kaɗai ake gani da kunnuwan nan suna yawo a gefe, ya shige ciyawa ya ɓace. Masu yanka suka miƙe da laujensu suna kallo. Ban san tsawon lokacin ba, ni dai na ji kamar shekara. Sai ciyawar ta motsa, ga shi ya fito da abu a baki, ya iyo har gaɓa, ya hau tudu. Wannan karon hannuwana biyu a buɗe suke. Ya sa mini agwagwar a ciki, sannan ya girgije ya jiƙa ni sharkaf. Tana da rai. Fiffike ɗaya ne ya karye, ina jin bugun zuciyarta a tafin hannuna.

Na kai wa kakana ita. Ya ajiye carbi, ya karɓa, ya shiga buɗa gashinta a hankali, wuya, ƙirji, baya, yana neman gurbin haƙori. Ya juya ta ya sake dubawa. Bai samu ba. Ya miƙa hannu aka ba shi wuƙa, ya fuskanci alƙibla ya yanka, jini ya tsarto kamar na kazar gida.

"Sake harbi," ya ce wa kawu. Ni kuma ya ce, "In za ka sakin shi ka yi bisimilla."

Sai da aka jira garken ya dawo. Aka yi na biyu, aka yi na uku. Ta ukun ma ta riga ta mutu da harbin, amma haka ya kawo ta bai taɓa ko tsoka ɗaya ba, ga shi tun safe bai ci komai ba. A nan ne kawu ya dafe kai ya yi salati. Ya ce yanzu ya tuna, akwai wani Bature da ya zauna Argungu kan aikin shinkafa, yana da wani kare mai wannan launi da wannan kai, yana zama gaban kwalekwale in sun fita harbin agwagi, kuma bai daɗe da tashi ba aka ga karyar Buzayen da ciki. Ya ce shekara guda yana ganin karen Baturen nan kullum, amma bai taɓa kawo wa ransa cewa shi ne uban Baƙo ba.

Kakana ya daɗe yana kallon Baƙo, wanda ya kwanta can gefe yana haki. Sannan ya yi magana, ba da ni ba, kamar da kansa yake. "Karen da ka tahiya in an aike shi, shi kama ma mai shi, ba shi ci. Shekara arba'in ina karantar da babin ga, sai yau nig gane shi da ido."

Da yamma kakata ta yi farfesu, kakana ya ci naman daji a karo na farko tun da na san shi, har ya nemi ƙari. Kakata ta ce ashe maigidanta ya iya tsaraba. Washegari motar masu keji ta zo ta tafi, ni ina kango ina cire wa Baƙo kaska. Da labari ya kai ga tsohon mafaraucin, ya zo har zaure da askarsa, ya ce tunda ya tabbata na farauta ne sai a yi masa abin da ake yi wa na farauta. Ya kuma tambaya, to wai shi wane iri ne? Kakana ya ce, "Uwatai ta ba shi ƙahwa, ubanai ya ba shi baki. Irin da ka mai da amana na. A bar mai kunnuwanai wada Allah yay yi su."

Kada ka ɗauka daga nan suka zama abokai. Har kakana ya bar duniya bai taɓa shafa shi ba, bai kuma yarda ya taka tsakar gida ba, ƙwaryar da ya lasa kuwa sau bakwai ɗin nan ba a rage ko ɗaya ba. Amma duk ranar da aka ci nama, da hannunsa yake tattara ƙasusuwa a ganye, ya ajiye bakin ƙofa, ya ce a kai wa mutumin bayan gida. Baƙo ya yi kaka tara yana shiga tafkin Zauro. Ina makarantar horon malamai aka aiko mini ya mutu, kakata ta sa an haƙa masa rami a kangon maimakon a ja shi bola.

Yanzu in ka je Zauro injin ban ruwa za ka ji ta ko'ina, ana shinkafa rani da damina, an gode Allah. Sai dai kirinjijiya ta yi ƙaranci, kangon ma an gina shaguna a kai. Kwanakin baya 'yata ta nuna mini hotunan karnukan duniya a waya, na ga mai kama da uwarsa, na ga mai kama da ubansa da agwagwa a baki, kowanne da sunansa na Turanci da harshena ya ƙi ɗauka. Abin da muka yi wata bakwai muna nema, ta gano shi kafin shayina ya huce. Na yi murna, amma na san da wayar nan tana nan a lokacin da ban buɗe hannuna a bakin tafki ba.

Jiya da yaron nan ya ga ina ta kallon karensa, sai ya ce, "Baba, kun taɓa kiwon kare ne?" Na ce na taɓa. Ya ce wane iri? Na faɗa masa yadda kakana ya faɗa, irin da ke mai da amana. Ya ciro wayarsa ya yi ta dubawa, can ya ɗago ya ce babu wannan a cikin jerin. Na ce masa na sani.